Sagbo da Sandar da Yake Cizawa

Shekara talatin da takwas Sagbo Akowanu ya yi yana gyaran injin kwalekwale a Ganvie, garin da aka gina a kan tafki, a wata rumfa da ke tsaye kan turaku a bakin hanyar jiragen da ke zuwa kasuwar Kalavi. Kayan aikinsa ba su da yawa: sukudireba uku, sifana biyar, durom ɗin ruwa da yake gwada inji a ciki, sai kunnensa. Da kunnen aka san shi. Tun jirgi na nesa zai ce fulogi ya yi datti, a kwance a ga haka ne.

Kunnen bai mutu rana ɗaya ba. Na hagu ya fara a shekarar da ya cika sittin, na dama ya bi. Sagbo bai faɗa wa kowa ba. In ya zo saita kabureta sai ya murɗa kusar iska zuwa inda hannunsa ya saba, ya ce an gama.

Wata Talata a tsakiyar damina asirinsa ya tonu. Maman Huefa mai sarin kifi ta karɓi injinta a hannunsa ran Litinin, washegari ya mace mata a tsakiyar tafki da kwando shida na ɗanyen kifi. Kafin ta tuƙa da filafili zuwa kasuwa rana ta take, kifin ya fara wari. Da yamma ta dira a rumfarsa tana ta faɗa, shi kuwa yana gyaɗa kai yana murmushi.

"Yaya Sagbo! Ina zazzaga maka masifa kana murmushi kamar ango?" Ta matso ta kwarma masa a kunne. "Wai ba ka ji na ne?"

"Ba na ji, Maman Huefa. Tun bara."

"To da me ka saita mini inji? Da hanci?"

Cikin wata guda aiki ya ɗauke, kowa ya koma kai injinsa Kalavi. Ƙaninsa Dansu ya ce ya rufe rumfar ya zo su riƙa kafa rassa a tafki suna tara kifi. Sagbo ya ce hannunsa bai mutu ba, kuma bai gama da inji ba.

Kullum da safe sai ya tayar da wani tsohon injinsa a cikin durom. Rannan hannuwansa biyu suna riƙe da murfi, ya ciji sukudireba kamar yadda ya saba, sai bakinta ya taɓa jikin injin. Rawar ƙarfen ta bi haƙoransa har cikin kai, ya ji inda take tafiya daidai da inda take tuntuɓe. Ya yanko sanda kamu biyu daga karyayyen filafili, ya fara koyon sana'arsa daga farko. Zai murɗa kusar kwata guda, ya tokara sandar a jikin inji, ya cije ta minti goma, sannan ya kashe ya zare fulogi ya duba. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari, iska ce. In ya yi kalar soyayyar gyaɗa, sai ya riƙe wannan rawar a ransa. Kwana ashirin da huɗu yana haka, har dasashinsa ya kumbura, abinci sai koko.

Sannan ya je wurin Maman Huefa da kansa, ya ce ta sake ba shi injinta.

"In ba ka ka gwaiguya? An ce ka koma ɓera."

"Ki ba ni dai. Gobe tare za mu tafi. In ya mutu, ni zan tuƙa ki har Kalavi."

"Da wannan bayan naka? Kifi zai ruɓe, kai ma ka ruɓe."

Amma ta bayar. Ya wanke kaburetar, ya saita, ya sake saitawa.

Da sassafe suka tashi, yana zaune a baya kusa da inji, sanda a baki, matan da ke wucewa suna ta dariya. Sun kai tsakiyar tafki ya ɗaga hannu ya ce ta rage wuta.

"Lafiya lau yake tafiya!" ta yi ihu.

"Yana ƙishi. Nan da kaɗan zai tsaya."

Ya bi tiyon mai da yatsa, ya tarar kwando ya danne shi. Ya janye kwandon, ya matsa famfon roba sau uku, ya sake cizon sandarsa, ya gyaɗa kai.

Sun isa Kalavi masu saye ba su gama taruwa ba. Maman Huefa ta sauke kwandunanta, ta juya ga wata mai jirgi da ke ta jan igiyar inji ya ƙi tashi.

"Ke Ablawa, daina wahalar da kafaɗarki. Ga Yaya Sagbo nan. Sai dai ki buɗe murya in za ki yi masa bayani."

Sagbo bai ji me ta ce ba, amma ya ga matar ta yafito shi. Ya goge sandarsa da gefen riga, ya tsallaka cikin jirginta.