Furannin Tsohuwa a Gindin Sarkin Tagulla

Asuba ta yi mana a hanyar filin jirgin Jidda, ni da kawuna, bayan Umma ta cika mini jaka da dabino da yaji in kai wa Yaya. Shekararsa huɗu yana karatun likita a Kuluj, can ƙasar Romaniya, saura biyu ya gama. Duk gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda shi muke jira.

A Beirut muka sauya jirgi zuwa Bukarest, babban birnin Romaniya. Daga Bukarest kuma jirgin ƙasa, wuni cur cikin duwatsu da dajin da rana ba ta ratsa shi. Taragonmu ba mai magana. Na miƙa wa wata mata dabino, sai da ta dubi ƙofa kafin ta karɓa. Abincinsu tuwon masara ne da cuku. Kawu ya ce ashe duk wannan nisa muka sha don mu ci tuwo gaya.

Rana ta uku Yaya ya kai mu dandalin gari. Ni da ban taɓa ganin gunkin mutum ba, sai ga sarki na tagulla bisa doki, ya yi kore shar, ido ba ƙwaya, amma duk inda na tsaya sai in ji ni yake kallo. Yaya ya rage murya ya ce mutanen garin iri biyu ne, Romaniyawa da Hangariyawa. Kasuwarsu ɗaya, har aure suna yi. Amma mai gunkin nan, Hangariyawa na cewa sarkinsu ne, Romaniyawa na cewa jininsu ne. Ya nuna mini inda aka ɓamɓare sunan Hangari daga rubutun gindin, ramukan ƙusoshin na nan.

Ya tafi sayo mana burodi ke nan, wata tsohuwa ta kama hannuna. Ta ba ni furanni ɗaure da ƙyalle ja da fari da kore, ta dafa gwiwarta, ta nuna matakalar gindin gunkin. Raina bai so kusantar gunki ba, amma mu a gida tsohuwa ba ta roƙon ka sau biyu. Na hau na ajiye.

Da na juyo, dandalin ya yi tsit. Tsohuwar babu ita. Kowa na wucewa kai a sunkuye, sai wani mai doguwar kwat da ya tsaya yana dubana, yana rubutu.

"Ke! Me kika yi?" Yaya ya fizgo ni. "Launin tutar Hangari ne fa! Yalla, mu tafi, kada ki waiwaya."

Washegari aka kira shi ofishin hukuma, aka karɓe iƙamarsa, takardar izinin zamansa, wai za a duba. Ranar ya saka mu jirgi.

Mun dawo lafiya, alhamdulillahi. Na koyi cewa akwai garin da ba a taimakon tsohuwa sai an san na wa ne abin da ke hannunta. Umma har yau ba ta san komai ba. Jiya wasiƙar Yaya ta iso, da Larabcin ofis, shi da kullum Hausa yake rubuto mata, kamar wanda ya san za a buɗe ta a hanya. Layi biyu ne kacal: yana lafiya, kuma kada kowa ya sake zuwa.