Ruwan Jegon da Aka Bari Ya Huce

Haihuwata ta fari a ɗakin Gwaggo na yi ta, a Zangon Kumasi, a shekarun da duk inda ka juya zancen mulkin kai ake yi. Mahaifiyata ta rasu tun ina rarrafe. Gwaggo, yayar babana, ita ta goya ni, ita ta aurar da ni, don haka da ciki ya tsufa wurinta na koma wankan gida. Mijina direban babbar mota ne, yana ɗaukar goro daga kasuwar Kejetia zuwa arewa, sai mu daɗe ba mu sa shi a ido ba.

Gwaggo ba a ja da ita. Daga Katsina aka kawo ta tana amarya, ta tsufa a Kumasi, amma ta ƙi jinin a ji Tonanci, yaren Asante, a bakinta, ko da yake in aka zage ta da shi a kasuwa tana ramawa daidai. Abin tinƙahonta wankan jego. Duk matar da ta haihu a gidan hayarmu ita ake kira. Za ta hura wuta a ƙarƙashin rabin ganga, ruwa ya tafasa da ganyen dalbejiya, ta tsoma damin ganye tana fyaɗa wa mai jego har sai an jiyo ihu daga bakin titi, safe da yamma, har a yi arba'in. A wurinta mai jego ba ta da maƙiyi kamar sanyi. In ya shiga jiki sai kumburi, daga kumburi sai kabari, kuma tana da sunayen matan da ta ce haka suka tafi.

Bayan suna kaɗan idona na dama ya fara ciwo in na juya shi. Daga nan gani ya dusashe, kamar ina leƙe ta gilashin fitilar da ya sha hayaƙi. Ƙafafuna suka yi nauyi, tafin ƙafa ya daina jin ƙasa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da ƙafata nake shiga banɗaki, amma sai an riƙo ni nake fitowa.

"Sanyi ne ya riga mu shiga," in ji Gwaggo. "A ƙara itace."

Aka ƙara itace, aka ƙara kunun kanwa, aka karɓo rubutu na sha. Wata safiya bayan wanka na sunkuya zan goya jaririyata, gwiwoyina suka saki. Ba don wata maƙwabciya da ke shanya kusa ta cafe ta ba, da kan siminti za ta faɗa. Daga ranar aka hana ni ɗaukarta. Sai a ɗora mini ita a cinya ta sha nono, a ɗauke. Ga shi ko fuskarta ba na gani sosai. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na kwanakin nan ba, kuma haushin kowa nake ji, har jaririyar da ba ta san komai ba.

Da mijina ya dawo ya gan ni, bai tsaya shawara ba, ya kai ni asibiti. Likitan da muka samu saurayi ne, Bafante daga bakin teku, bai daɗe da dawowa daga karatu a Ingila ba. Na raina shi a raina, don ko gemu ba shi da shi. Ya ƙwanƙwasa mini gwiwa da 'yar guduma, ya ja mini makulli a tafin ƙafa, ya haska mini ido, ya tsikare ni da allura yana tambaya ko na ji. Sannan ya shiga tambayoyi da Tonanci kamar mai neman aurena: ina aka haife ni, su wane ne kakannina, me nake ci, na taɓa zama a ƙasar sanyi? Na ce Dokta, ni ko Tamale ban taɓa zuwa ba. Ya yi dariya, ya ce to yaushe abin ya fi tsanani? Na ce bayan wanka. Da na kwatanta masa irin wankan, sai ya ajiye alƙalami, ya ce gobe a zo masa da mai yi mini shi.

Gwaggo ta zo da babban mayafinta kamar wadda aka kira kotu. Wata nas 'yar Asante mai Hausar zango ta tsaya tafinta.

"Mma, dokta ya ce ka tsaya can wurin taga. Ka riƙe wani abu a hannu, kada ka faɗa masa."

Gwaggo ta tsaya, ta ɗaga hannu. Likita ya tambaye ni me ta riƙe. Na ce carbinta ne, baƙi. Ya sa na taka na je wurinta, na je, ina ɗan jan ƙafa.

"Yanzu ka yi masa wanka yadda kana yi a gida," in ji nas. "Ruwa ya yi zafi paa."

Nan Gwaggo ta ji daɗi, ta ɗauka za a ga gwaninta ne. Aka kawo ruwa a bokitai, ta naɗe hannun riga ta yi aikinta babu ragi. Da aka mai da ni ɗakin, ta koma bakin taga ta ɗaga hannu. Likita ya ce me ta riƙe? Na duba, na sake dubawa. Na ce ni ko ita ba na gani, wata inuwa kawai. Na yunƙura zan tashi, ƙafafu suka ƙi. Aka kwantar da ni a ƙarƙashin fanka, aka lulluɓe ni da jiƙaƙƙen zane, Gwaggo na salati tana cewa za a kashe mata 'ya. Da jikina ya huce na juya na ce, "Gwaggo, goro ne a hannunki." Ta samu benci ta zauna.

Likitan ya yi mana bayani a hankali, nas na juya wa Gwaggo. Ya ce jijiyoyin jiki suna da riga kamar wayar mota, kuma yana zaton wani ciwo ne ke cinye rigar nan wuri-wuri, shi ya sa saƙo ba ya isa, zafi kuma yana ƙara tsananta abin. Mijina ya gyaɗa kai, wannan yarensa ne. Likita ya dubi Gwaggo ya ce ruwanta ba shi ya kawo ciwon ba, tayar da shi kawai yake yi. Har gobe ina yi masa addu'a saboda wannan magana, don da bai faɗa ba da ta mutu da ita a zuciya. Ya ce su an koya musu ciwon mutanen ƙasashen sanyi ne, da wuya ya kama baƙar fata, to ko dai karatun bai cika ba, ko shi ne ya kuskure. Abin da ke kawo shi kuwa ba a sani ba: wasu na zargin ƙwayar cuta, wasu abinci, wasu gado, ana nan ana nema. Magani babu tukuna, sai allurar ƙarin ƙarfi da hutu. Ya roƙi in riƙa zuwa yana duba ni, ko abin da ya gani a jikina zai amfani masu neman. Amma ruwan zafi, a daina.

"In sanyi ya kashe ta fa?" in ji Gwaggo.

"Ba zai kashe ta ba, Mma."

Ba ta yarda ba, na gani a fuskarta. Washegari da safe na ji ƙarar faskare, na ga hayaƙi ya tashi kamar kullum, gabana ya faɗi. Ta riƙo ni muka shiga banɗaki, ta ja ƙyaure. Bokitin tafasasshen ruwa yana can lungu, tururinsa na fita ta saman katanga. A gabana kuwa kwano ne na ruwan jiya da ta bari ya huce, da ganyensa a ciki. Ta tsoma damin ganye, ta yi bisimilla ta ɗora mini a baya.

"In kin ji sanyi ya kama ki, ki faɗa mini, kin ji ko? Kada ki ɓoye mini." Ta share ido da gefen zane, ta rage murya. "Kuma ki ɗan yi ihu mana. Gidan nan duk kunnuwa ne."

Na yi ihu, ina dariya ina kuka. Haka muka yi ta yi safe da yamma. Ruwan zafin a wankin tsummokin jaririya yake ƙarewa. Ta riƙa taɓa mini ƙafa tana neman kumburi, ta rame fiye da ni, amma ko sau ɗaya ba ta sirka mini da na zafi ba.

Ciwon bai rabu da ni ba. Yakan tafi shekara da shekaru ya dawo, kowane zuwa ya ɗauki wani abu ya tafi da shi. Likitan ya bi ni har aka yi masa canjin gari. Yau a keke ake tura ni, kuma jikana ne ya koya mini sunan da harshena ya kasa a lokacin, multiple sclerosis. Ya ce yanzu akwai magungunan da ke rage masa gudu, asalinsa dai har yau ana nema. Allah ya ba masu neman sa'a, ina jin ni ma da ɗan hannuna a ciki.

Amma a wancan karo na farko ciwon ya sake ni. Ranar arba'in na yi kitso da lalle, na sunkuya, Gwaggo ta ɗora mini yarinyata a baya, na ɗaure zane da hannuna. Matan gida suka fito suna guɗa, suna cewa kun ga aikin ruwan zafi, wa ya isa ya ja da wankan Gwaggo! Ita kuwa ta karɓi yabon ko kunya babu. Muka fita yawon arba'in gida-gida, ina takawa a hankali, ina jin numfashin 'yata a wuyana. Sai da muka kusa masallaci na waiwaya, na ga Gwaggo daf da bayana, ta ware hannu biyu a ƙarƙashin goyon, ba ta taɓa ba. Haka ta biyo ni tun daga ƙofar gida.