Ranar da Aka Nemi Namiji a Ɗakina

Allah ya yi ni mace, ya kuma ba ni muryar namiji. Ba ƙari nake yi ba. Tun ina tallan ƙuli-ƙuli a garinmu Ƙofa, in na yi sallama sai matan gida su hau jan mayafi suna tambayar wane ƙato ne a zaure. 'Yan matan unguwa suka laƙaba mini mata-maza. A dandali ba a ba ni waƙa, tafi ne nawa. Innata ta ɗura mini zuma da man shanu har na ƙi jininsu, a banza. Da ta gaji sai ta koya mini dabara: in matse maƙogwaro, in yi magana ƙasa-ƙasa, in kuma rage surutu.

Da wannan muryar aro aka kai ni gidan miji, a wani ƙauye kusa da Kiru, lokacin Turawa ba su tafi ba, kowa hankalinsa na kan gyaɗa. Na shekara a gidan ba wanda ya ji muryata ta gaskiya. Surukata har yabon kunyata take yi a gidan suna. Ni kuwa ba kunya ba ce, tsoro ne. Dariya ma ba na yi, don na san in ta ƙwace mini asirina ya tonu.

Wata rana da kaka, maza duk suna gona wajen cirar gyaɗa, surukata ta tafi kasuwa da daddawarta, aka bar ni ni kaɗai. Da hantsi ina dafa wake, iska ta kwashi wuta daga murhu ta manna wa dangar kara. Bayan dangar nan rumbunan geronmu ne, abincin shekara. Na juye randa kaf, wutar ko gezau. Na ce, "Gobara!" da 'yar muryar aro, ko awakin gidan ba su ɗaga kai ba. Na ga wuta ta fara lasar jinkar rumbu. Sai na rufe ido na saki maƙogwarona.

"Gobara! Jama'a ku kawo ɗauki! Gobara!"

Kafin a jima gida ya cika da maza, da tuluna da ƙasa da ɗanyen ganye. Aka kashe wutar, jinka ɗaya ce ta ci. Na koma bakin ƙofar ɗakina na durƙusa, na ja mayafi na rufe fuska, ina cewa a raina an tsira.

Sai wani maƙwabcinmu, mutumin kirki ne amma bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "To ina bawan Allahn da ya yi kururuwar nan? Ai sai mu gode masa."

Aka hau kallon juna. Kowa daga gona ya zo.

"Daga cikin gidan nan ta fito," in ji wani. "Kuma muryar namiji ce, da kunnena na ji."

Namiji a cikin gida, matar aure ita kaɗai, maza suna gona. Surukina, uban mijina, ya ce a duba. Mijina da kansa ya shiga ɗakina. Ina ji yana jan gado, jeren kwanukana suka zube ƙasa. Aka leƙa rumbu, aka leƙa banɗaki. Wani ya ce ai mutumin ya tsallake danga, har ya nuna sawu a ƙasa, a wurin da mutum talatin suka gama tattakewa.

Na san abin da zai biyo baya. Saki ne, da sunan da zai riga ni isa Ƙofa, ya hana Inna shiga mutane. In kuma na faɗi gaskiya, garin nan ma ya san mata-maza aka kawo musu. Ban san wanne na fi tsoro ba.

"Ni ce," na faɗa da muryar aro.

Wani ya yi dariya, har yau ban yafe masa ba.

Tun da aka kawo ni, magana ba ta taɓa haɗa ni da surukina ba. In ya shigo ɗaki nake faɗawa, saƙonsa ta bakin surukata yake zuwa. Ranar ya tako har gabana, ina ganin ƙafafunsa duk toka.

"Yarinya, in ke ce, maimaita mu ji."

Na daina matse maƙogwaro. Na buɗe baki.

"Baba, ni ce na yi kururuwar. Ba kowa a ɗakina."

Haka muryar ta fito, da kaurinta, gaban mazan gari. Mai dariyar nan ya sunkuyar da kai. Surukina ya ce, "Ikon Allah," ya juya. Maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya suna Allah ya kiyaye gaba, ba mai kallon inda nake.

Mijina kaɗai ya rage. Ya koma ɗaki yana tsince kwanukan da ya zubar, ni ina waje ina jiran hukunci. Ya daɗe a ciki. Da ya fito sai ya tsaya a kaina ya ce, "Na dawo daga gona, ban ji an yi mini sannu da zuwa ba."

Na fara matse maƙogwaro.

"A'a," ya ce. "Da taki."

Na saki maƙogwarona. Na ce, "Sannu da zuwa."

"Yawwa," ya amsa. A nan na fara lura ashe muryarsa ta fi tawa siranta.