Akwatin Gwaggo da ya ƙi magana

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka kama hanyar tasha, ni da wani abokina mai gyaran rediyo da talabijin a nan Funtua. A jakata akwai naɗin kebul, filaya, sukundireba da salatif. Shi kuwa bai ɗauko komai ba sai bakinsa. Ya ce tunda na yi ta cika baki cewa na san ciwon na'urar da za mu je gyarawa tun daga gida, to shi kallo zai je yi. Ban musa masa ba. Shekara shida na yi da na'urar nan a falona, babu maɓallin da ban taɓa dannawa ba.

Ga waɗanda ba su san labarin ba, hom tiyata ce 'yar Beljiyam, wato ta hannu: amfilifaya ɗaya, ƙananan sifiku biyar, sai wani babban akwati da ake ce wa wufa. In ka jera su yadda ya kamata, uku a gabanka biyu a bayanka, ka sa fim, mota in ta wuce a talabijin sai ka ji ta shigo ta hagu ta fita ta dama. Baƙi da yawa sun waiwaya a falona suna neman wanda ya turo ƙofa. Da na sayi sabuwa bayan babbar Sallah, sai na ɗaure tsohuwar a kwali na ba direba ya kai gidanmu na ƙauye, can gaba da Malumfashi, tunda Yayana ya sa sola a gidan.

Sai a makon jiya Yaya ya kira ni ya ce akwatin Gwaggo ba ya magana, gurnani kawai yake yi, kuma ranta ya ɓaci da ni. Gwaggo yayar mahaifinmu ce, ita ce babba a gidan yanzu. Ita ta goye ni da mahaifiyarmu ta rasu, a ɗakinta na yi wayo. Na kira ta ya fi a ƙirga, ba ta ɗauka ba. In Yaya ya kai mata tasa wayar, sai ta ce tana lazimi. Wannan ne ya hana ni sukuni, don fushin kowa zan iya ɗauka ban da nata. A zatona a ɗakinta aka haɗa kayan gaba ɗaya, kebul ɗin sifikar tsakiya ne ya zare, tunda ita ke fitar da magana. Na ce wa abokina aikin minti biyar ne, sauran lokacin mu sha fura.

A tasha sai da muka jira mota ta cika. Muka sha koko da ƙosai a tsaye, ƙosan nan da zafinsa, amma ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa masa wani abu. Kuɗin mota kuwa ya hau, direba ya ce mu tambayi masu gidan mai. Muka shiga mu huɗu a baya, biyu a gaba. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ɗora mini zakara a cinya ba tare da ya nemi izini ba, haka muka tafi da shi har Bakori.

Hanyar ba laifi, sai dai ramuka nan da can, direbanmu kuma ya haddace su, kafin ka hango rami ya riga ya kauce. Kaka ta kama sosai. An karye masara an tara dami a gonaki, dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fara buɗe baki. A wasu ƙauyukan an baza waken suya a kan kwalta don motoci su taka su yi wa masu shi sussuka, direba kuma ba ya kaucewa, yana bi ta kai kamar an ɗauke shi aikin. A Bakori buhuna ne jibge a bakin titi, manyan motoci na lodi. Duk hirar cikin mota ɗaya ce: an sayi taki da tsada, ga masara ta faɗi. Mai zakara ya ce shi kam ya kulle tasa a rumbu, sai ta yi daraja ko ya cinye abarsa.

Gaba kaɗan na ga wani sabon gidan mai da jerin shaguna a inda na san fili ne da bishiyar ɗorawa. Na ce ikon Allah, yaushe aka yi wannan? Direba ya dube ni ta madubi ya ce ai an kwana biyu. Abokina ya tambaye ni rabona da hanyar nan. Na fara lissafi a raina, na ga Sallah huɗu sun wuce ban taka gida ba. Amma na ce masa ai ba na yanke aike, atamfa, sukari, magani, duk abin da ake buƙata direba na kaiwa. Ya ce lallai, direban nan ɗan albarka ne. Na yi kamar ban ji ba.

Mun shiga Malumfashi hantsi bai gama fitowa ba. Muka zauna wurin wata mai waina kusa da tasha, waina mai laushi da miyar taushe, har abokina ya nemi ƙari. Na sayi goro fari da lemo da sabulu, muka hau babura biyu. Daga nan jar ƙasa ce, ruwan damina ya zaizaye ta. A wani rafi dole muka sauka muka cire takalma muka naɗe wando, masu babur suka tura. Ruwan da sanyi, kuma na manta rabon da ƙafata ta taɓa laka.

Tun daga bakin masallacin unguwa na jiyo muryar rediyo daga zaurenmu, tas, babu ko shaƙewa. Na dubi abokina na ce to ai ga magana nan tana fita. Da muka shiga sai na ga amfilifaya a kan benci an lulluɓe ta da ɗankwali, sifikar tsakiya ita kaɗai a gefenta. Daga bayan amfilifayar kuma kebul ne suka fita ta taga, suka haye katanga, kowanne ya kama gabansa. A tsakar gida har an shanya kayan jarirai a kan ɗaya. Abokina ya jingina da bango yana dariya har da hawaye.

Bayan an gaisa an sha ruwa, Yaya ya yi mini bayani, kuma shi bai ga abin dariya ba. A gidanmu duk abin da ya shigo daga waje rabawa ake yi sashe-sashe, ko naman layya ne ko buhun shinkafa, kuma babban kaso na babba ne. Da aka buɗe kwalin aka ga akwatunan sifika shida ban da amfilifaya, sai aka yi yadda aka saba. Yaya ya riƙe mai tsawon nan, wato sifikar tsakiya, a zaure. Sashen ƙannensa biyu kowa ya samu ɗaya. Aka rataye ɗaya a rumfar da mata ke daka, ɗaya a gindin darbejiya inda dattawa ke zama. Babban akwatin kuma aka goge shi aka kai wa Gwaggo, aka ce mata ga naki inji ɗanki. Wato cikin girmamawa aka ɗauki akwati ɗaya tilo da ba a ƙera shi don ya furta ko kalma ɗaya ba, aka kai wa tsohuwar da ta fi kowa son jin tafsiri da shirin gaishe-gaishe.

Na ce wa Yaya wufa aikinsa ke nan, ƙugin ganga da tsawa da rurin mota, ko shekara zai yi yana aiki ba zai ce uffan ba. Na tambaye shi me ya hana a musanya mata da ƙarama. Ya ce tun makon farko ya ɗauki tasa da kansa ya kai mata, ta ce ya mayar. Matan gida sun roƙe ta, ta ce kada wanda ya taɓa mata akwati. Kullum da safe sai ta sa a kunna, ya yi ta gurnani har kwanonin jerenta na rawa, ita kuma tana zaune tana jan carbi.

Na fara da mai sauƙi. Na dattawa da na rumfar mata su ne sifikun baya, shi ya sa suka yi wata huɗu suna jin magana kamar daga cikin rijiya, har dattawan sun yanke hukuncin cewa kunnuwansu ne suka tsufa. Akwai maɓalli a jikin amfilifayar da ke sa duk sifikun su faɗi abu ɗaya da ƙarfi ɗaya. A falona ban taɓa yarda an danna shi ba, don yana kashe duk daɗin kewayen sautin. Na danna shi. Nan take muka ji shewa daga rumfar mata, wani dattijo kuma ya leƙo zaure yana tambayar wa ya ƙara wa rediyo magani. Na dubi abokina, ya ɗaga mini hula.

Sannan na cire sifikar tsakiya, na ja sabon kebul, na yi sallama a ƙofar Gwaggo. Sai da na yi sau biyu ta amsa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon carbinta. Ta rame, abin da ban san da shi ba. Babban akwatin na nan a gefen gado, an shimfiɗa masa farin ƙyalle mai ado. Na ajiye goro da sabulu, ba ta dube su ba. Na ɗora ƙaramar sifikar a kan babban, na haɗa, na leƙa na ce a kunna. Muryar mai gabatarwa ta cika ɗakin.

Daɗi ya kama ni, na shiga zuba bayani. Na ce mata ba lalatacce na aiko mata ba, haka masu ƙera shi suka yi shi, ni ban ma ce a raba ba, da an tambaye ni da ba a yi haka ba. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo wata 'yar rediyo mai batir, wadda aka ɗaure murfinta da roba, ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Mai sunan Baba, ni ina da rediyona. Ko tafsiri ɗaya bai wuce ni ba."

Na ce, "To Gwaggo, me ya sa kika hana a canza miki?"

Ta ce, "Tun ranar da aka kawo shi na san ba zai yi magana ba. Na ce a bar shi, wanda ya aiko shi ya zo ya gyara da hannunsa. Da akwatin nan ya yi magana, yaushe zan gan ka?"

Kunya ta rufe ni, irin wadda rabona da ita tun ina yaro. Na zauna a ƙasa na sunkuyar da kai na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, amma in rage ƙarar abin nan, yana hana ta jin abin da nake cewa. Na kashe shi gaba ɗaya. Muka yi hira har azahar. Ta ba ni labarin waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa, da ciwon ƙafar da ya kwantar da ita da damina wanda ta hana a gaya mini. Ta sa aka dama fura da nonon da aka kawo da safe, ta zauna tana kallona har na shanye, ta ce cin abincin birni bai karɓe ni ba.

Bayan mun ci tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, na ɗauko ƙusoshi zan kafe kebul ɗin ɗakinta a jikin bango don kada wani ya yi tuntuɓe. Na kafa uku ta ce ya isa haka, rana ta yi, hanya ba ta son yamma, in bar sauran. Abokina ya ce ai minti biyu zai ƙarasa mata. Ta dube shi ta ce, "Malam, ba kai na sa ba."

Mun baro ƙauye kafin la'asar da ƙullin gyaɗa da kuka da daddawa. A mota abokina bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, wannan kuma ya fi tsokanar ciwo. Muka shigo Funtua da sauran rana, na duba agogo na ga tafiyar duka ba ta kai awa biyu ba, har da tsallake rafi.

Abin da zan gaya wa masu irin wannan na'ura shi ne, in za ku aika ta gidan gandu ku bi ta da ƙafarku, don za a raba ta, kuma babba za a ba wufa. Ni kuwa abin da na koyo bai shafi na'ura ba. Shekara biyu ina ganin kaina ɗa na gari saboda ina cika but ɗin motar direba, alhali tsohuwar da ta goye ni sai da ta zauna wata huɗu da gurnani a kunnenta kafin ta ga fuskata. Ƙusoshi bakwai suka rage a aljihuna. Ranar Juma'a zan koma, kuma ɗaya kawai zan kafa.