Yadda Gwadabe Ya Yi Wa Makaranta Binciken Aure

Duk wanda ya zauna Toranke a wancan zamanin ya san Gwadabe, ko bai san shi da fuska ba ya san shi da tambaya. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da ɗan gemu wanda tun yana saurayi ya tsaya cak ya ƙi ƙaruwa. Noma yake yi kamar kowa, gero da dawa da ɗan gyaɗa. Amma abin da ya fitar da sunansa har Ajingi da Kademi shi ne binciken aure. In za a ba da yarinya wani gari, shi ake aikawa ya gano gidan. Ba a taɓa naɗa shi ba, haka kawai aikin ya liƙe masa, domin Allah Ya hore masa kunne da ƙafa da rashin kunyar tambaya.

Yana da tasa hanyar da ba ya canjawa. Ba ya tambayar abokan ango, ya ce waɗannan tuwon biki suke jira. Ba ya tambayar liman, ya ce liman ba ya faɗin aibun wanda ke bin sa salla. Shi matar da ta taɓa zama a gidan aka sake ta yake nema. Zai bi ta har garin iyayenta, ya tsuguna a zaure, ya yi ta jan hira har ta buɗe baki. In ta zagi gidan tun daga ƙofa har bayan gida, ya ji. In kuwa ta zaga ta zaga sannan ta ce, "Amma dai uwar gidan nan ba ta taɓa hana ni hatsi ba," to a nan yake gyara zama. Mu maƙwabta har suna muka sa masa, Mijin Zawarawa. Bai taɓa amsawa ba, bai kuma taɓa yin fushi ba.

Matarsa Hansai ta haifa masa mata a jere, duk ya aurar da su da binciken kansa, sannan can daga baya Tukur ya zo. Shi kaɗai ne namiji. Lokacin da dagaci ya bi gida-gida yana ɗibar yara zuwa firamare ta Ajingi, Gwadabe ya bayar da shi ba don yana so ba, yana cewa ai da la'asar yaro zai dawo gona. Haka kuwa aka yi. Tukur ya tashi da karatu da hauya tare, har ya kai yana jan kunya kafaɗa da kafaɗa da ubansa, daidai lokacin da bayan Gwadabe ya fara ciwo.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, hedimasta ya zo har gida ya ce Tukur ya ci jarrabawa, an ɗauke shi wata sakandaren gwamnati ta kwana can gaba da Gaya. Ba zan kama sunanta ba, waɗanda suka yi ta sun san ta. Hedimasta yana ta murna, Gwadabe kuwa yana kallon rumbu. In yaron ya tafi, gandu ya koma na mutum ɗaya mai ciwon baya. In ya hana shi, wurin ya wuce, ba a ajiye wa kowa.

Sunan makarantar kuwa biyu ne a bakin mutane. A kasuwa wasu su ce duk wanda ya fito daga cikinta akawu ne tun kafin ya cire kayan makaranta. Wasu su ce yara na shiga da gaisuwa su fito da ɗaga hannu daga nesa. Babu ɗaya cikin masu maganar da ya taɓa leƙa ƙofarta.

Hansai ta ce, "Malam, ka yi shawara da hedimasta mana, shi ya sani."

"Hedimasta abokin ango ne."

"Wane ango kuma?"

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa neman aure, wadda ta sha bugu, ya ƙunshe goro a ganye, ya ɗaura wa jaki akumari. Barau, taubashinsa, wanda ba ya barin sa ya wuce lafiya, yana zaune a dakali ya hango shi.

"Bawana, ina zuwa da sassafe haka? Ko Hansai ce ta gaji da gemun?"

"Bincike za ni."

"'Yar wa za a bayar?"

"Tukur."

Barau ya yi dariya har da tari. "To in ka je ka tambayo mana ko amaryar ta iya daka. Ka kuma duba ko akwai kuturta a danginsu."

Da ya isa makarantar, masinja ya tsayar da shi a baranda, ya ɗauka mai kawo itacen kicin ne. Da ƙyar aka shigar da shi wurin shugaban makaranta, wani matashi mai tabarau da ladabi. Gwadabe ya ƙi kujera, ya tsuguna, ya tura ƙunshin goro kan tebur, ya yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar mutanen gida da dabbobi. Shugaban ya rasa yadda zai yi da goron, ya riƙe shi a hannu kamar an ba shi ajiya.

"Ranka ya daɗe, na zo jin asalinta ne."

"Asalin wa, Baba?"

"Makarantar. 'Yar gidan wa ce?"

"Ai ta gwamnati ce."

"Wace daga ciki? Ta soja ko wadda ta gabata?"

Shugaban ya danne dariya, ya zauna ya yi masa bayani tsakani da Allah. Ya ce yaransu na cin jarrabawa fiye da na makarantu da yawa, akwai masallaci, akwai ɗakin shan magani, akwai malamai har daga ƙasashen waje. Ya zagaya da shi ya ga gadajen ƙarfe da filin ƙwallo. Gwadabe yana ta gyaɗa kai. Duk abin da ya gani ya yi masa kyau, sai dai ya sha ganin tsakar gida a share ranar da aka san baƙo na zuwa.

"To su wa kuka kora?"

Nan shugaban ya ɗan ɗaure fuska, ya ce wannan ba a faɗa. Gwadabe bai ja ba, ya yi godiya ya fito. A bakin ƙofa ya ɓantara wa masinja goro, suka taɓa hira a kan tsadar gishiri, kafin jaki ya gama shan ruwa ya ji sunan da yake nema. Bunu, ɗan gidan Barebarin nan na Gaya, mai gyaran keke a bakin kasuwa.

Ya tarar da Bunu a ƙarƙashin bishiyar bedi, hannu baƙi ƙirin da mai, yana liƙe tayar wani keke. Saurayi ne dogo, fuska ba walwala. Gwadabe ya zauna a kan kututture kamar mai jiran gyara, alhali jaki ne a bayansa.

"Baba, jaki ba na gyarawa."

"Shi lafiyarsa ƙalau. An ce kai ka yi makarantar can."

"Na yi, sun kore ni. Sai me?"

"Me ka yi musu?"

"Katanga na tsallaka na je kallon kokawa Kademi. Aka yi min bulala, na koma. Aka sake, na sake. Ranar da aka tara makaranta gaba ɗaya, Malam Hamma, malamin ɗakin kwananmu, shi ya kira sunana da bakinsa ya ce in ɗauki akwatina."

Daga nan bakin Bunu ya buɗe. Ya ce kokon safe in ka leƙa sai ka ga fuskarka. Ya ce wake da ƙwarinsa ake dafawa. Ya ce manyan ɗalibai na sa ƙanana wanki da ɗebo ruwa kamar bayinsu, kuma akwai malamin da in ya ɗaga bulala sai hannunsa ya gaji. Ya ce sun koya masa sunan kogunan ƙasashen da ba zai taɓa zuwa ba, ga shi nan yana shafa gam. Gwadabe ya saurara bai katse shi ba. A ransa ya riga ya fara ganin Tukur a gona bana, har wani sanyi ya ji a bayansa. Ya miƙe zai kwance jaki, sai ya lura da keken da Bunu ke gyarawa, mai kwando a gaba, an ɗaure littattafai da roba.

"Wannan na wane ne?"

"Na Malam Hamma."

"Wanda ya kore ka?"

"Shi. Duk garin nan ba ya kai wa kowa sai ni." Ya ci gaba da shafa tayar, bai ɗago ba. "Da mahaifiyata ta rasu, bayan kora da kusan shekara, ban aika musu ba. Sai ga shi da 'yan ajinmu, da ƙafa suka zo. Da su aka ɗauki makara. Ya zauna a tabarma har aka watse." Ya tofar da yawu gefe. "Amma ni ban yafe musu ba, Baba. Kokawa ce fa kawai."

Gwadabe ya koma ya zauna.

"Samari, in da kai ne da ɗa, za ka ba su?"

"Ni ko aure ban yi ba."

"In da."

Bunu ya juya ƙafar keken, ta yi ta zagayawa. "Ƙanena yana can aji biyu. Ni na kai masa akwati."

Gwadabe ya dawo Toranke da yamma bai hau jakin ba, jan sa ya yi ta yi. Barau na nan a dakalinsa.

"Bawana, ya amarya? Ta iya tuwo?"

"Ba ta iya ba."

"To an fasa ke nan."

"An bayar."

Barau ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar Gwadabe, ya mayar da bakin ya rufe. Ni dai a sanin da na yi wa Barau ban taɓa ganin ya yi haka ba.

A cikin gida Gwadabe ya kira Tukur ya faɗa masa komai, har ƙwarin wake da wankin manya, bai rage ba. Yaron ya ce, "Baba, gonar fa?" Gwadabe ya ce gona ba ta taɓa tambayarsa ba, ya je ya nemi akwati. Hansai ta soya masa gyaɗa da ƙuli, tana yi tana goge ido tana cewa hayaƙi ne.

Damina ta gaba ita ce ta farin nan da ba wanda ya manta. Ruwa ya makara, ya zo ya ɗauke. Gwadabe ya ba Barau aron gonarsa ta nesa, tun da ba mai nome ta, kuma ba ta sake dawowa hannunsa ba har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan wasu shekaru yara suka yi wa makarantar yawa, sunanta ya ɗan dusashe, masu cewa da ma sun faɗa suka yi ta faɗa. In an tambayi Gwadabe ko makarantar kirki ce, sai ya ce shi bai kwana a ciki ba, a tambayi Tukur. Tukur kuwa ya gama, ya zama malamin asibiti a wani gari mai nisa, yana zuwa da salla.

Abin da ya fi zama mana a rai shi ne hutunsa na farko da ya faɗo cikin damina. Ya dawo a rame, wuya ya fito, ya durƙusa ya gaida kowa har Barau. Da gari ya waye ya riga ubansa ɗaukar hauya. Suka jera kunya kamar da. Hantsi bai gama ɗagawa ba tafin hannunsa ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, yana ɓoyewa yana ci gaba. Gwadabe ya tsaya, ya kamo hannun ya juya shi ya daɗe yana dubawa.

"Je ka inuwa."

"Baba, zan iya."

"Na san za ka iya. Je ka inuwa."

Tukur ya koma gindin ɗorawa ya zauna. Gwadabe ya gama tasa kunyar, ya dafa baya ya huta kaɗan, sannan ya dawo ya kama ta yaron daga inda ya tsaya.