Ƙofar Maɗaci

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa tsohon kafinta, likita ya ce sai ya riƙa tattaki kowace safiya. Autarsa ke riƙe masa hannu. Shi kuwa, mai hali ba ya fasa halinsa, ya mai da tattakin zagayen duba aiki, har da 'yar kwalbar mai a aljihu, wai kada ƙarafan ƙofa su yi kuka.

Lokacin da unguwar take sabuwa a bayan gari, gida arba'in da ɗaya ya yi wa ƙofa. Yanzu masu gidajen sun kwanta dama, 'ya'ya sun sayar, an ɗaga katangu, an kafa ƙyamaren ƙarfe masu kama da na kurkuku. Yana tafe yana jan ƙafa yana nunawa: nan da akwai bishiyar lemo, can gidan direba ne mai tattabaru, dubi yadda rufin ya lotsa.

Saura ƙofa ɗaya tak, ta gidan marigayiya ungozoma. Ta maɗaci ce, shi da ƙaninsa suka fere ta, kuma ita ce aikinsu na ƙarshe kafin ƙanin ya rasu. Kullum sai ya tsaya ya shafa ta, ko da ba ta buƙatar komai.

Wata Laraba suka sha kwana, sai ga ƙyauren ƙarfe shuɗi a wurinta, fentin ko bushewa bai yi ba.

"Samari, ina tsohuwar ƙofar?" ya tambayi leburan da ke kwaɓa siminti.

"Ai ga ta nan gabanka, Baba. Katakon da ƙarfi, wallahi."

Sun shimfiɗa ta a kan kwata, baro na bi ta kai, duk ta yi dumu-dumu da laka. Tulin yashi ya toshe sauran hanyar. Mai lafiya zai iya tsallakewa, shi kam ina!

"Baba, mu koma ta baya," in ji autar.

Ya daɗe a tsaye. Can sai ya tuɓe takalmansa, ya miƙa mata. Ya ɗora lafiyayyar ƙafarsa a kan ƙofar, ya jawo ɗayar, ya tsaya a tsakiya da dukan nauyinsa. Ƙofar ko motsi ba ta yi ba.

"Kin gani?" ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Aikin baffanki ne."