Ranar da Na Ba da Haƙuri a Kan Kawuna

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi. Tun ina yaro ban taɓa ganin an zauna da shi an tashi ba a riƙe ciki don dariya ba. Ni na kai shi gidan rediyon gwamnati inda nake karanta sanarwa, ni na roƙi manaja ya ba shi minti goma duk Laraba a filin manoma. Na faɗi wannan tun da wuri don kada a ce na ɓoye hannuna.

Wata damina taki ya makara. Masara ta yi goyo, har an fara gasa ta a bakin titin Funtua, sannan motocin taki suka iso. Shugaban kwamitin rabon kuwa wani Alhaji ne, ɗan gwaggon Kawu, wato taubashinsa. Kawu ɗan namiji, Alhaji ɗan mace, don haka tun suna yara "bawana" Kawu yake ce masa. Yakan cire masa hula a tsakiyar kasuwa, ba mai cewa uffan. A wurinmu wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne abin dariya.

Da wannan lasisin Kawu ya zauna gaban makirufo ranar Laraba, ya ce, "Jama'a, ku bar zagin bawana. Takin nan nashi ba na gona ba ne, na rumbu ne. Ku girbe hatsinku, ku barbaɗa mashi a kai, ku gani in bai haihu ba. Kuma gwamnati ba ta mantuwa. Na bara aka kawo bana, na bana sai baɗi." Ina bayan gilashi ina dariya har da hawaye, kamar wawa.

Washegari manaja ya kira ni ofis ya miƙo mini takarda. Gidan rediyo na ba gwamnati haƙuri a kan kalaman "wani mutum mara ɗa'a, wanda ba mu da wata alaƙa da shi." An soke filinsa. Ranar Juma'a za a karanta, sau uku, kuma ni zan karanta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa ni?"

Ya ce, "Kai ka kawo shi. In wani ya karanta, za a ce kana bayanshi."

Na shiga yi masa bayanin taubasantaka, sai ka ce ba a ƙasar nan aka haife shi ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ma ina da taubasai. Amma wanda ya bugo mani waya daga sama ba ruwanshi da gwaggon kowa. Ko ka karanta, ko ka bar aikin." Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga mahaifiyata da hawan jini. Tsoro ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da na tsorata da wuri haka.

Na hau mota zuwa Malumfashi wajen Alhaji. Na ce a raina kalma ɗaya daga bakinsa ta isa: taubashina ne, wasa muke. Na zauna a ƙofar gidansa tun azahar har bayan la'asar. Da na shiga na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba sai mahaifina.

Ya ce, "Wallahi a mota na ji shi, na yi dariya har direba ya waiwayo. Da ni kaɗai ya taɓa, da ba komai. Amma ya ambaci gwamnati. In na buɗe baki yanzu, cewa za a yi ni na sa shi." Na ce ko waya ce ya buga wa manaja. Ya ɗauki wayar, ya juya ta a hannu, ya mayar aljihu.

Daga nan na hau acaɓa zuwa ƙauye. Na tarar da Kawu a gonar dawa, rediyonsa na rataye a reshen ɗorawa. Na miƙa masa takardar, na manta ba ya karatun boko. Dole na karanta masa da bakina, ina tsaye a kan kunya, yana kallona.

Ya ce, "Sake mani wurin nan."

Na ce, "Wanda ba mu da wata alaƙa da shi."

"Da muryarka za a faɗi wannan?"

Na ninke takardar. Ya goge hannu a riga ya ce, "Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi mashi aski. Je ka karanta. Yayata, mahaifiyarka, na shan magani." So na yi ya zage ni, ko ya mare ni, in samu abin riƙewa. Ya ɗauki fartanyarsa ya koma aiki.

Ranar Juma'a na karanta, sau uku. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma har yau wannan ne ban yafe wa kaina ba. Manaja ma sai da ya yaba. Da na koma gida na tarar mahaifiyata ta cire batir ɗin rediyonta ta ajiye a kan taga.

Bayan kaka aka yi suna a gidan kakanninmu. Alhaji ya iso, ya nufi Kawu yana murmushi, ya karkato masa da hula ya ce, "To ubangidana, ga bawanka ya zo." Kowa ya gyara zama, ana jiran a sha dariya.

Kawu ya miƙe, ya tuɓe takalmi, ya russuna. "Ranka shi daɗe. An zo lafiya? Yaya aiki?"

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya tsaya da hula a karkace. Ya rage murya ya ce, "Haba ɗan kawu, zage ni mana."

Kawu ya ce, "Wane ni, Alhaji. Sai a sake sa yaron nan ba da haƙuri." Ya mayar da takalminsa ya zauna, bai dubi inda nake ba.